Kafin Ki Hau Motar Jos, Ga Labarin Kawunki Buba

Zuwa ga 'yata Saratu,

Gaisuwa da fatan alheri daga mahaifiyarki. Allah ya kai ki Jos lafiya, ya tsare ki daga haɗarin hanya da na mutane, ya sa ki faɗa hannun waɗanda za su riƙe ki kamar tasu.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Tun ranar da masu fim ɗin nan suka kira ki aiki, duk sa'ad da na buɗe baki sai ki ce, "Mama, ai na sani," ni kuma sai zuciyata ta karye, maganar ta koma ta yaji da daddawar da zan ƙulla miki. Takarda kuwa ba a katse ta. Labarin gida kin san shi, ba shi zan ba ki ba. Labarin Kawunki Buba na unguwar Yelwa, nan Jalingo, zan ba ki. Ke kin taso kin same shi tsoho a kan kujera, baki a karkace. Ni na san shi da ƙarfinsa, kuma ɗan abin da na sani game da sana'ar da za ki shiga, a gefensa na koye shi.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina budurwa, ina koyarwa a firamare, ina kuma yin wasan kwaikwayo a coci idan Kirsimeti ta zo. A can wani darakta daga gidan talabijin, Mista Yohanna, ya gan ni, ya ce in zo in gwada a shirinsu na Hausa da ake nunawa mako-mako. Kada ki ɗauka irin wuraren da kike gani a waya ne. Kyamara ɗaya ce tal, ɗakin kuma zafi kamar tanderu. In wuta ta ɗauke a jira janareta, in janareta ya tashi ƙararsa ta cinye maganarmu. Kowannenmu yana da aikinsa na daban: malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya, direba, nas. Akwai Mumuye, akwai Jukun, akwai Fulani da Tibi, har da wani mutumin kudu. Hausa ce ta haɗa mu, kowa da irin tasa.

Ranar da na fara zuwa, na ga wani mutum zaune a lungu cikin farar riga, da hula da carbi, ba ya ko ɗaga murya. Na zaci wani babba ne ya zo duba aiki, na durƙusa na gaishe shi. Aka ce mini Buba ne, malamin dabbobi, shi ke duba shanu a kasuwanni. Ya ce in riƙa kiransa Hamma, wato yaya, kamar yadda ƙannensa ke yi. Da lokacin ɗauka ya yi, sai ya tuɓe farar rigar ya ninke ta a hankali, ya sa wata yagaggiya, ya shafa ƙasa a ƙafafunsa. Kafin ya taka daga lungun zuwa gaban kyamara, mutumin da na gaisa da shi ya ɓace. Ɗanƙwarya ne ya iso, mashayin burkutun shirin, wanda duk Jalingo ta sani. Dariya ta ƙwace mini, na ɓata ɗaukar, kuma ba sau ɗaya ba.

Ni aka ba Talatu, mai sayar masa da burkutun. Raina bai so ba. Ina malama, ina cikin mawaƙan coci, a ce in fito ina zuba giya a ƙwarya? Nas nake so in fito, da fararen kaya. Haka na riƙa yi da rabin zuciya, ina riƙe ƙwaryar da bakin yatsu kamar za ta ƙone ni. Hamma Buba bai yi mini faɗa ba. Bayan an tashi ya tambaye ni 'yar ina ce, na ce Kona. Ya ce a danginmu babu mai dafa burkutu? Na sunkuyar da kai na ce akwai goggona. Ya ce in je in wuni wurinta, ba don neman laifinta ba, in dai zuba ido in ga yadda take riƙe ƙwarya, da yadda take sallamar wanda ya sha ya ƙoshi ba tare da ta kunyata shi ba.

A nan ya gaya mini yadda shi ya sami Ɗanƙwarya. Bai taɓa kai giya bakinsa ba. Amma ranar kasuwar Iware, in ya gama duba shanu, sai ya sami inuwa nesa kaɗan da rumfar masu sha ya zauna yana kallo. Ya ce: "Laraba, mai maye ba tangaɗi yake son yi ba. Miƙewa yake son yi, ya nuna lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ba da dariya ke nan, kuma shi ne abin tausayin."

Na tafi Kona na wuni. Na ga goggona cikin hayaƙi tun safe, idanunta jajawur. Na ga ta san wanda matarsa ta rasu, ta san wanda ambaliya ta cinye masa gona, ta san wanda za ta yi wa wasa da wanda za ta ce wa ya tashi ya tafi gida 'ya'yansa na jira. Tun ina yarinya nake shiga gidan nan, amma sai ranar na gan ta. Da na dawo, Talatu ta zama mutum. To, 'yata, duk wadda aka ba ki ki fito a matsayinta, ko mai shara ce, ko muguwa ce, ki tuna akwai irinta tana raye a wani gida, kuma wataƙila za ta kalla. Ki je ki nemo ta, ki zauna, ki rufe baki ki buɗe ido. Kada ki raina ta, don kyamara tana nuna raini ko an ɓoye shi.

Daga nan shirin ya ƙara karɓuwa. A lokacin ba kowane gida ke da talabijin ba, bayan magariba sai ka ga unguwa ta taru a tsakar gida ɗaya. Na shiga kasuwa ba mai kirana Laraba, sai Talatu. Wata rana wata mai doya ta riƙe mini hannu, da irin Hausarta ta ce, "Kai Talatu, ka daina ba mutumin nan giya, za ka kashe ta." Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na sayi baƙin tabarau, na fara zuwa gwaji a makare don a jira ni. Ba a jima ba wani uba ya je wurin hedimasta ya ce a cire ɗansa daga ajina, mai sayar da burkutu ba za ta koya masa tarbiyya ba. Na je sutudiyo ido a kumbure. Hamma Buba ya bar ni na gama kukana, sa'an nan ya ce yabon da ake yi mini a kasuwa na Talatu ne, zagin ma nata ne, ni in ɗauki jakata in koma gida da sunan da ubana ya raɗa mini. Ku yanzu kasuwarku tana cikin waya, ba ta tashi, ba ta barci. Ranar da dubban mutane suka yabe ki, da ranar da suka zage ki, maganar ɗaya ce. Ba ke suka sani ba.

Shi ma bai tsira ba, nasa ma ya fi nawa ciwo. Babbar 'yarsa, Dija, ta sami manemi, yaron kirki daga wani gari, suna son juna ƙwarai. Magana ta yi nisa sai baffan yaron, wanda shi ne babba a gidansu, ya zo Jalingo ya ga shirin a gidan da ya sauka. Ya tambaya aka ce ai wannan ne uban yarinyar. Nan take ya ce an fasa. Mutane suka yi ta bayani, har limamin masallacin su Hamma Buba ya aika da shaida cewa mutumin nan ba ya rasa sahu. Tsohon ya ce ya yarda ba ya sha. Amma Bafulatanin da zai kwanta a ƙasa yara suna yi masa dariya ya zubar da fulako, wato kunya da kamun kai irin na Fulani, shi kuwa ba zai haɗa jini da gidan ba.

Hankalinmu duka ya tashi. Mista Yohanna ya kawo shawara: a shirin mako mai zuwa a sa Ɗanƙwarya ya tuba, ya fasa ƙwarya, ya koma mutumin kirki, ko tsohon zai sauko. Duka muka ce haka ya kamata. Hamma Buba kaɗai bai yarda ba. Ya ce matan mutanen da yake gani a rumfar Iware suna kallon shirin nan, kuma sun san giya ba ta sakin mutum a rana ɗaya. In muka nuna musu haka don 'yarsa za ta yi aure, mun yi musu ƙarya. Ya ce Ɗanƙwarya zai iya tuba, amma a hankali, da faɗuwa da tashi, kamar yadda yake faruwa.

Ya ɗauki dattawa ya tafi garin su yaron da ƙafarsa. Aka karɓe su da mutunci, aka ba su fura da nono, aka kuma ce a'a. Auren bai yiwu ba. Dija ta daɗe gaisuwar safe kawai ke haɗa ta da ubanta. A makon nan ya zo aiki kamar kullum, ya yi wasa har mai kyamara yana toshe baki don dariya. Ana cewa an gama, ya koma lungunsa ya juya fuska ga bango, ba wanda ya iya zuwa kusa da shi.

Saratu, har yau ban san ko daidai ya yi ba. Wani lokaci in ce gaskiya ya riƙe, wani lokaci in tuna fuskar Dija in ce da ya sassauta. Daga baya ta auri wani, ga ta nan da 'ya'yanta. Abin da na sani shi ne abin da ya gaya mini da bakinsa bayan shekaru. Ya ce da za a mayar da shi baya ba zai bar Ɗanƙwarya ba, amma da tun farko ya zaunar da iyalinsa ya gaya musu abin da zai yi da dalilinsa. Su ma a talabijin suka fara gani kamar kowa. Sana'ar nan mutum ɗaya ke yin ta, amma gida guda ke ɗaukar nauyinta. Don haka in an ba ki wani matsayi mai nauyi, ki kira ni kafin in gani a wayar maƙwabta. Ba hana ki zan yi ba. So nake in san abin da zan ce in an tare ni a ƙofar coci. Kuma tun yanzu, kina cikin natsuwa, ki yanke wa kanki abin da za ki yi da abin da ba za ki yi ba. Wanda bai yanke ba tun a gida, a gaban darakta za a yanke masa.

Shirin ya yi shekarunsa ya tsaya. Shugabanni suka canza, kaset-kaset na finafinan Kano suka cika gari. Ni a lokacin na auri babanku, na haife ki, makaranta da reno suka sha kaina. Shi an kira shi Kano, ya je ya yi 'yan finafinai, ya yaba da ƙwazon mutanen can, amma ya dawo. Ya ce tangaɗin kawai ake nema a wurinsa, shi kuwa ya fi son inda zai yi mutum ɗungurungum. Ya ci gaba da duba shanunsa, da yamma kuma matasan Jalingo masu sha'awar fim su taru a ƙofar gidansa yana nuna musu abin da ya sani.

Wata ranar kasuwa a Iware, yana tsaye cikin shanu, ya yanke jiki ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Gari kuwa bai rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce ashe dai yana sha a ɓoye, wasu suka ce iskokin da yake kwaikwayo ne suka kama shi. Matarsa, Adda Hauwa, ba ta saurari kowa ba, asibiti ta sa aka wuce da shi kai tsaye. Da na je gaishe shi ya yi ta ƙoƙarin kiran sunana ya kasa, sai hawaye. Mutumin da bakinsa ke tara unguwa guda.

Bayan an sallame shi likita ya ce sai ya riƙa gwada magana kullum, in ba haka ba harshen ba zai dawo ba. Shi kuwa kunya ta hana shi. Ya rufe bakinsa, ko ruwa yake so sai dai ya nuna. Rannan Adda Hauwa ta zo gidanmu da kanta, ta ce, "Laraba, ni ya ƙi ni, 'ya'yansa ya ƙi su. Ki zo ki gwada masa Talatu."

Na je ran Asabar da safe. Na same shi a tsakar gida yana kallon ƙasa. Ban gaishe shi ba. Na ɗaura ɗankwali irin na Talatu, na ɗauki ƙwarya a madafar Adda Hauwa, na tsaya a kansa na riƙe ƙugu, na ce, "Kai Ɗanƙwarya, ba jiya na kore ka ba? Me ya dawo da kai?" A shirin, amsa ɗaya yake ba ni kullum, yara ma sun haddace ta. Ya ɗago ya dube ni. Leɓensa ya yi ta rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Can, da ƙyar, kalma tana jan kalma, ya ce, "Ƙafa ce... ta kawo ni. Ni... ban so ba." Adda Hauwa ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana share hawaye da gefen zane. Daga ranar duk Asabar ina can, muna bin tsofaffin wasanninmu ɗaya bayan ɗaya, har maganar ta dawo gwargwadon yadda kika san ta.

Bayan wasu shekaru matasan nan da ya koyar suka tashi yin fim a kan wannan ciwon, don mutane su daina ɓoye masu shi a ƙuryar ɗaki. Suka roƙe shi ya fito. Nufinsu ya zauna kawai a kujera a nuna shi, ba sai ya wahala da magana ba. Ya ce in hoton mara lafiya suke so, asibiti cike take da su. In kuwa ɗan wasa suke so, su ba shi abin faɗa.

A tsakar gidansa aka ɗauka, ƙarƙashin mangwaro, ni na fito maƙwabciya. Inda ya fi wuya shi ne wurin da ɗansa a fim ɗin ya ji sallamar baƙi ya tashi zai rufe ƙofa don kada su ga uban. Shi kuma zai ce, "Kada ka rufe. Ban mutu ba. Bari su shigo." Gajeriyar magana, amma duk sa'ad da ya zo tsakiya sai harshen ya maƙale. Aka yi ta maimaitawa har rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa masa riga. Daraktan, don tausayi, ya raɗa wa mai ɗaukar sauti cewa a bar shi haka, in an je haɗawa sai a sa muryar wani. Ashe ya ji. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna maƙogwaronsa ya ce, "Muryar nan... ita ce fim ɗin."

Aka sake. Ya fara, harshen ya maƙale a inda ya saba. Wannan karon bai tsaya ya nemi afuwa ba. Ya bar shirun ya yi tsawo, ya dubi ƙofar, ya dubi yaron da wani irin ido na fushi da roƙo a haɗe, sa'an nan ya turo sauran kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai ɗaga dutse. Ni da nake tsaye a bakin ƙofa ina jiran shigata, na manta fim ake yi. Daraktan ma ya manta ya ce a tsaya. Dija ce, da ta zo daga gidanta don ta kalla, ta ratsa ta gaban kyamara da kofin ruwa, ta durƙusa ta goge wa ubanta fuska da mayafinta.

Na ga 'yan wasa da yawa a talabijin, na gida da na waje, masu kyau da masu suna. Ban ga wanda ya kai abin da na gani ƙarƙashin mangwaron nan ba. Kina da kyau, 'yata, kina da murya, kuma na san su ne suka fara buɗe miki ƙofa. Ki gode wa Allah a kansu, amma ki sani aro ne. Ki koyi aikin kansa, ki koye shi har ya zama ko an karɓe aron kina da abin bayarwa.

Sauran ƙanana ne, amma ki riƙe. Ki riga kowa zuwa wurin aiki. Ki ci abinci kafin a fara ɗauka, yunwa tana sa mutum faɗa da wanda bai yi masa laifi ba. Duk wanda ya ce ki same shi ke kaɗai a masauki don a yi maganar matsayi, ki ce a yi ta a ofis, ko ki tafi da wata. In abokan aikinki Musulmi sun tashi salla, ki jira su da sakin fuska. Kawunki bai taɓa yarda a sa gwaji ranar Lahadi da safe ba, saboda mu. Ki nemi coci tun makon farko, kada ki ce sai kin zauna da gindinki.

Jiya na je Yelwa na gaya masa za ki tafi. Jikin ya yi rauni sosai a 'yan watannin nan, Adda Hauwa ta ce ba ya ko son fitowa tsakar gida. Amma da ya ji, ya sa aka tayar da shi zaune, ya ce a kawo masa hularsa, wai ko za ki shigo a lokacin. Na ce ba yau ba, amma za ki zo. Kada ki mayar da ni maƙaryaciya. Kafin ki wuce tasha ki biya ta can, ki ajiye jakarki, ki kashe wayarki, ki durƙusa ki gaishe shi. Ya ce yana da abin da zai gaya miki, ni ma bai gaya mini ko mene ne ba. Zai daɗe kafin ya fitar da shi, kuma za ki ji kamar kin gane inda ya nufa. Kada ki ƙarasa masa. Ki jira shi har ya kai ƙarshe da kansa, ko da motar farko za ta tafi ta bar ki. Akwai wata a bayanta.

Ubangiji ya yi miki albarka, ya tsare mutuncinki, ya sa aikin hannunki ya amfani mutane. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke muna masu farin ciki da ganinki. Amin.

Mahaifiyarki,
Laraba
Jalingo